Sunan da Ba a Yanka wa Rago Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, a Dutse.

 

Bisa al'ada, idan muka hallara irin haka, maganar albashi da ƙarin girma da fansho ke cinye zaman, kuma babu laifi a cikin haka, domin don su aka kafa ƙungiya. Amma yau mun roƙi alfarmar a ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan wani abu da ke faruwa a gabanmu kullum, tsakanin ƙofar aji da bakin famfo, wanda ba ya shiga rahoton kowane sufeto.

Kowane yaro da ke cikin rajistarmu yana da sunan da aka yi masa huɗuba da shi, aka tara jama'a ran bakwai, aka raba goro, aka yanka rago. Iyayensa sun zauna sun zaɓi sunan, wani na kakansa ne, wani na malamin gidansu. Sai ya shigo hannunmu, kafin zango ɗaya ya ƙare ya sami suna na biyu, wanda ba a yanka wa rago ba, ba a kuma shawarci kowa ba. Kun san su. Zabiya. Gurgu. Agola. Ɗan ƙauye. Sikila. Mai makero. Yarinyar da ta taɓa faɗuwa da farfaɗiya sau ɗaya a filin taro ta zama mai aljanu har ta bar makaranta. Yaron da aka ji labarin yana fitsarin kwance kuwa, har waƙa gare shi tanadajjiya tun zamanin kakanninmu, ana binsa da ita ana tafi.

Za a ce mana ai laƙabi gadonmu ne, kuma gaskiya ne. Mu ne masu Tanko da Kande da Gambo, masu Ladi da Jummai da Azumi. Mu ne masu wasan taubasai, da wasan jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Bahaushe ya iya tsokana, ya kuma san daɗinta. Sai dai duk wasannin nan suna da ƙa'ida guda da ke riƙe da su: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Idan Bafulatani ya kira Babarbare bawansa, nan take zai sami amsa daidai da tasa, su yi dariya su rabu. Yaron da aji guda ya yi wa ca, shi kaɗai ne, ba shi da abokin wasa a cikinsu. Idan ya rama a ƙara masa, idan ya yi kuka ya sami sabon suna, idan ya kai ƙara a ce da shi ɗan tsegumi, ko kuma mu malamai mu ce, “Kai, wasa suke yi maka, koma ka zauna.”

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, don haka bari mu fara taka namu. Shekaru da dama da suka wuce, ba da daɗewa da fitowarmu daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ba, aka ba mu aji biyar a wata makaranta da ke wajen gari. Akwai wani yaro mai in'ina, natsattse, rubutunsa kamar an buga da inji. Wata safiya muna kiran rajista ya tsaya yana kokawa da kalmar “Malam”, harshensa ya sarƙe a gaɓar farko. Mu kuwa da ƙuruciya da son a ce malami mai ban dariya ne, sai muka kwaikwaye shi. Sau ɗaya tak. Ajin ya kwashe da dariya, muka ji daɗi a ranmu, muka ci gaba da kiran suna. Kafin a tashi tara, makarantar duka tana kiransa Ma-ma-malam. Ya daina ɗaga hannu. Ya koma bencin baya. Da damina ta sauka aka ce yana taya babansa noma, muka rubuta haka a rajista, hankalinmu kwance. Da kaka ta yi bai dawo ba. Za mu komo kan wannan yaro.

Abin da muke magana a kai ba ciwon garinmu kaɗai ba ne. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto da ta tattara daga ƙasashe 144, inda ta nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari. Babban abin da yaran suka ce ana tsangwamarsu a kai shi ne kamannin jiki da na fuska. Saboda haka ne aka keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta kowace shekara don yaƙi da cin zali a makarantu. Wani masani mai suna Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan al'amari a ƙasashen Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ce alamu uku ke raba cin zali da faɗan yara na yau da kullum: da gangan ake yi, maimaitawa ake yi, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya. Daga baya masu bincike a Jami'ar Turku ta ƙasar Finland suka ƙara wani abu da ya fi jan hankalinmu. Sun lura cewa mai cin zali 'yan kallo yake yi wa aiki. Dariyarsu ce ladansa. Shi ya sa shirin da suka tsara wa makarantunsu, mai suna KiVa, ya fi ba da ƙarfi a kan masu tsayawa su yi kallo.

Mu auna wannan da ajinmu mai yara tamanin. Masu ƙirƙiro suna ba su wuce uku ko huɗu ba. Wanda ake kira da shi mutum ɗaya ne. Sauran saba'in da ɗoriya fa? Su ne masu dariya, da masu sunkuyar da kai, da waɗanda abin ke damunsu amma suna tsoron kada a juyo kansu. Bulala ba ta kaiwa gare su, don ba su yi laifin da za a nuna da yatsa ba. Gargaɗin filin taro ma yana bi ta kansu ya wuce. Da yawansu sun haddace Suratul Hujurati a Islamiyya, kuma aya ta 11 a cikinta ta hana izgili, ta hana aibanta juna da jifan juna da miyagun laƙubba, a fili ba tare da kwana-kwana ba. Sun san hukuncin sarai. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne su zauna a bencin yaron nan na sa'a guda, su ji yadda sunan ke sauka a kunne. Mu a iya shekarunmu na riƙe alli, ba mu ga abin da ke iya zaunar da yaro a mazaunin wani yaro kamar labari ba.

A Amurka da Ingila akwai reshe guda na adabi da aka keɓe wa 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, wato kusan 'yan ajinmu na huɗu zuwa shida da 'yan ƙaramar sakandare. Kaso mai yawa na littattafan yana magana ne a kan wannan ciwo, domin marubutansu sun gane cewa a wannan tsakanin ne yaro ya fi tsoron a ware shi. Za mu ɗan tsaya a kan guda ɗaya.

Sunansa The Hundred Dresses, wato riguna ɗari, na wata marubuciya Eleanor Estes, an buga shi a 1944. Ɗan ƙaramin littafi ne. Labarin wata yarinya ce mai suna Wanda Petronski, 'yar baƙin haure daga ƙasar Poland, talakawa, da ke zaune a bayan gari. 'Yan ajinsu suna ganin sunanta abin dariya ne. Kullum da riga ɗaya take zuwa, shuɗiya, koɗaɗɗiya, amma a wanke. Wata rana ta ce tana da riguna ɗari a gida. Daga nan 'yan matan suka sami abin yi: kowace safiya su tare ta su tambaye ta riguna nawa gare ta, ta ba su amsa, su fashe da dariya. Hikimar marubuciyar ita ce ba ta ba da labarin ta bakin yarinyar da ake tsokana ba, ba kuma ta bakin shugabar masu tsokana ba. Ta bi ta idon Maddie, ƙawar shugabar, wadda ita ma talaka ce, kwancen ƙawar tata take sawa, abin yana ci mata rai amma ta yi gum don kada a waiwayo kanta. Sai aka wayi gari yarinyar ba ta zo ba, aka yi kwanaki ba wanda ya lura. Ranar da aka bayyana sakamakon gasar zane ta aji, sai ga bangon ajin lulluɓe da zanen riguna ɗari, kowace da irin tata, duk aikin hannunta. Ita ta ci gasar. A ranar kuma malamarsu ta karanta wasiƙar mahaifinta cewa sun tashi sun koma babban birni, inda masu baƙon suna ke da yawa, babu mai yi musu dariya. Maddie ta tafi har gidansu don ta nemi gafara, ta tarar da kango.

Mun ba 'yan aji shida wannan labari da Hausa, a darasin ƙarshe na ranakun Juma'a uku. Ba mu da kwafin da za mu raba, daga baki muka ba da shi. Da muka kai ƙarshe wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to ta dawo?” Muka ce ba ta dawo ba. Ajin ya yi tsit irin wanda ba mu saba ji ba. Can wani yaro daga baya, wanda ba ya cikin masu ƙoƙari, ya ce, “Malam, ita malamar tasu tana ina duk lokacin da ake yi mata?” Ba mu da amsar da za mu ba shi sai dai mu ce tambayarsa ta yi kyau.

Ba za mu tsaya a gabanku mu ce daga ranar ajin ya zama na waliyyai ba. Yara ne. Bayan mako biyu an koma tsokanar wani. Bambancin da muka gani ɗan kaɗan ne, amma mun gan shi: ajin ya sami kalmar da zai kira abin da ita. Mun ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta a bakin famfo, “Ke dai Madi ce, kina gani kika yi shiru.” Da can shiru ba laifi ba ne a wurinsu.

Akwai wasu irinsa. Judy Blume ta rubuta Blubber a 1974, a kan yarinya mai ƙiba da aka laƙaba wa sunan kitsen kifi, kuma mai ba da labarin tana cikin masu tsokanar, har ranar da aka juyo kanta. R. J. Palacio ta fitar da Wonder a 2012, labarin yaron da aka haifa da nakasar fuska, ya shiga aji biyar bayan ya yi shekaru yana karatu a gida. An juya shi zuwa fim a 2017. A nan gida Najeriya, waɗanda suka yi karatu a zamaninmu za su tuna The Drummer Boy na Cyprian Ekwensi, mai makahon yaro makaɗi, da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh, labarin ɗan talaka da ya zama yaron gidan malaminsa don ya sami abin biyan makaranta, aka zarge shi da sata. Duka da Turanci suke. Yaron aji biyar a Kiyawa ko Jahun ko Miga da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali, yaushe zai kai ga jin daɗinsu?

To me muke da shi a harshenmu? Muna da dukiya, kada a ce mun raina. Muna da Magana Jari Ce, muna da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya. Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, da kowa a nan ya ji a ɗakin kakarsa, labarin yarinyar da aka ware ne tsantsa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma da yaron da ba ya iya tafiya ya fara. Amma ku lura da yadda suke warware matsalar. 'Yar bora sai ta gamu da wani abin al'ajabi a daji, ta dawo da dukiya, sannan a ga darajarta. Iliya sai da ya warke ya miƙe sannan ya zama jarumi. Yaro zabiya da ke ajinmu ba zai wayi gari baƙi ba. Mai in'ina ba zai gamu da tsohuwa a bakin rafi ta kwance masa harshe ba. Yana bukatar labarin da yaro irinsa ya ci gaba da zama yadda Allah ya yi shi, mutanen da ke kewaye da shi ne suka sauya. Ga kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu: kaso mai yawa na barkwancinmu a kan makaho da kurma da baƙauye da ɗan Fulani aka gina shi, kuma mu da kanmu muke ba da shi a aji idan muna son yara su wartsake.

Shirye-shiryen inganta karatu da suka shigo jihohin Arewa a 'yan shekarun nan sun fi mayar da hankali a kan aji ɗaya zuwa uku, kuma da hujjarsu, domin sai an iya karatu ake karanta labari. A ɗaya gefen kuma ga littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga Kano tun shekarun 1980, waɗanda don manya aka yi su. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili fetal. Yaron da muka sha wahala muka koya wa karatu, da ya kai shekara goma sha ɗaya sai ya duba ya ga babu abin da aka rubuta dominsa: babu labarin da ke da benci da allo da monita da kuɗin tara, da mai tallar awara a bakin ƙofa, da duwatsun nan da yake gani kullum a hanyarsa ta zuwa makaranta.

Wa zai rubuta? Tarihi ya riga ya ba da amsa sau ɗaya. A 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A cikin waɗanda suka amsa kira, Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Malaman makaranta ne suka aza harsashin ƙagaggen labari na boko a ƙasar Hausa, da alƙalami da fitilar ƙwai. Babu marubuci a Kano ko Abuja da ya san abin da ake faɗa a bayan ajinmu kamar yadda muka sani. Mun san yaron rugar da ya zo da Hausarsa mai karin Fulatanci ya ƙi sake buɗe baki. Mun san yarinyar da uwarta ta yi sabon aure ta taho da ita, wadda ba a kiranta da komai sai agola. Mun san ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kudu zuwa Dutse, da yadda ake murɗa sunansa. Mun san wanda ya fi kowa tsawo a aji uku don ya yi shekaru a makarantar allo kafin a kawo shi.

Ga wanda zai gwada, muna da 'yan jan kunne da muka koya ta hanyar kuskure. Kada ka ba da labarin zabiya a ajin da ke da zabiya ɗaya. Duk idanu za su koma kansa, ka ƙara masa kaya. Sauya ciwon, yaran za su gane da kansu. Kada ka mai da wanda ake zalunta mala'ika, domin yara sun san na ajinsu yana da taurin kai wani lokaci, yana kuma zagi, kuma duk da haka bai cancanci abin da ake yi masa ba. Shi ma mai tsokanar a ba shi gida da uwa da dalili. Sau da yawa idan ka bi sawunsa za ka tarar shi ma akwai inda ake kiransa jaki. Sannan idan ka gama, ka daure ka yi shiru. Mu malamai muna da cutar cewa “darasin da ke cikin wannan labari shi ne”, mu rubuta a allo su kwafa. Da zarar mun yi haka labarin ya zama aikin gida.

Iyayen da za su karanta wannan a mujallar reshe, ku ma da naku. Wasu sunayen daga gida yaro ke tahowa da su, 'yan'uwansa su kawo su makaranta. Idan ɗanku ya fara ciwon ciki kowace safiyar Litinin, ya warke da hantsi, a bincika kafin a ɗauko bulala.

Roƙonmu ga shugabannin reshe guda biyu ne, kuma ba sa bukatar kasafin gwamnati. A ware mana shafi ɗaya a kowace fitowar wannan mujalla don gajeren labari na yara, wanda malami ya rubuta da Hausa, daidai tsawon da za a karanta a darasi ɗaya. Wanda ya karɓi mujallar ya shiga da ita aji. Idan sun taru sun yi goma sha biyu ko ashirin, sai mu ɗinke su mu kai wa hukumar SUBEB mu ce ga abin da malamanku suka yi. Na biyu, kafin Alhamis ta farko ta Nuwamba mai zuwa, kowace makaranta ta zauna a ɗakin malamai, ba yara a wurin, a lissafa sunayen da mu da kanmu muke kiran ɗalibai da su. Daƙiƙi, dolo, ƙazama, kan kwakwa. A rubuta su a takarda a karanta da ƙarfi.

Mun ce za mu komo kan yaron nan mai in'ina. Bara muka gamu da shi a kasuwar Shuwarin, ya zama magidanci, yana dakon buhuna. Shi ya fara gane mu. Ya sauke kayansa ya durƙusa ya gaishe mu, ya tambayi iyali, ya ce yana da 'ya'ya uku, babban yana aji biyu. Muka kira shi da sunansa na yanka, muka ce masa, “Akwai hakkinka a kanmu, ka yafe mana.” Ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam, ai ba komai, ya wuce.” Muna cikin haka wani ɗan kasuwa ya ƙwala masa kira daga kan mota ya zo ya sauke kaya. Da wancan sunan ya kira shi, wanda muka raɗa masa a aji biyar. Ya amsa, ya yi mana sallama, ya tafi da sauri.